Damara, ƙwallo ko haɗin matsi: ina ya kamata kuɗin mai ciki da mai jego su tafi?

Ƙanwata na da cikin fari wata 6 ranar da ta miƙo mini wayarta. Hotuna ne wata mai saida kayan mata ta turo mata ta WhatsApp: damarar tallafe ciki, wata damarar mai ƙarafa ta bayan haihuwa, babban ƙwallon roba da kwalabe uku na haɗin matsi. Ta ce, "Yaya, wanne zan fara saye? Kuɗin hannuna ba su kai na duka ba." Na haifi huɗu, wasu daga cikin kayan nan sun bi ta hannuna, kuma na sha zama gaban sajfam, wato ungozomar asibiti, ina yi mata tambayoyin da kunya kan hana mata yi. Amsar da na ba ƙanwata ita ce zan faɗaɗa a nan.

Duk kayan nan wuri ɗaya suke da'awar gyarawa. A ƙasan ƙugun mace akwai tsoka shimfiɗe daga ƙashin mara zuwa ƙarshen ƙashin baya. Yadda majanyi ke tallafe goyo, haka take tallafe da mafitsara da mahaifa da hanjin bayan gida, kuma ita ke riƙe fitsari da iska har sai an ga dama. Wata 9 tana ɗauke da nauyi, ranar haihuwa kuma ta miƙe iyakar miƙewa. Shi ya sa kusan mace ɗaya cikin uku ke ganin ɗigon fitsari a watannin farko bayan haihuwa, in ta yi tari ko atishawa ko ta ɗaga bokiti. A wurinmu ba a kiran abin da sunansa. Sai ka ji an ce "jikina ya saki", ko "sanyi ya shige ni", daga nan kuma sai a nufi kasuwa.

Abin da ya fi kowanne amfani ba a kasuwa yake ba, ko dala ba ya ci. Motsa tsokar ne da kanta, wanda wani likitan mata na Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948, har ake kiran sa da sunansa. Ki zauna ko ki kwanta ta gefe, ki matse kamar mai riƙe iska da fitsari a cikin taro, ki ja wurin sama. Ki riƙe daƙiƙa 3 ko 4 da farko, a hankali har ki kai 10, sannan ki saki gaba ɗaya ki huta kamar tsawon da kika riƙe. Sau 8 zuwa 10 a zama ɗaya, zama uku a rana. Kada ki ɗauke numfashi, kada ki matse cinyoyi ko ɗuwawu, kuma kada ki mai da shi al'adar tsayar da fitsari a ban-ɗaki, don hakan na hana mafitsara juyewa sarai. Mai ciki ta haɗa shi da bayan sallar asuba, azahar da isha'i don kada ta manta. Mai jego da ba ta salla ta haɗa shi da shayarwa. Macen da ta fara tun da ciki ta fi tsira daga ɗigon fitsari a ƙarshen ciki da bayan haihuwa. Sai dai yana son haƙuri, don sai an yi wata 3 ana yi kullum kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Nan ne masu kwalba ke cin kasuwa, su da ke alkawarin kwana uku.

Tafiya ma kyauta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba mai cikin da ba ta da wata matsala shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, wato kamar minti 30 kwana biyar, da saurin da za ki iya hira ba tare da haki ya katse ki ba. A zafin Afrilu da Mayu na Maraɗi, da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya za a yi, da ruwa a hannu. Wadda aka ce wa jininta ya hau, ko jini ya yi mata ƙaranci sosai, ko mabiyiya ta tare hanya, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa, ta fara tambaya a wurin awo. In jini ko ruwa ya ɓalle, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko ɗa ya rage motsi, ba maganar motsa jiki kuma, asibiti za a nufa.

Yanzu kayan da ake ba da kuɗi. Damarar mai ciki iri biyu ce, masu saidawa kuma ba su cika bambanta su ba. Akwai mai faɗi mai taushi da ke ɗauke ƙasan ciki. Tana rage nauyi ga mai yini tsaye, kamar malamar makaranta ko mai tuya. Akwai kuma siririya mai ƙarfi da ake ɗaurawa ƙasa da ciki, a kan ƙasusuwan kwankwaso. Wannan ta biyun ita ce ta mai ciwon ƙugu, ciwon nan da ke soka a ƙashin mara ko bayan kwankwaso in za a juya a gado, ko a hau matakala, ko a ɗaga ƙafa ɗaya a sa wando. Kusan mai ciki ɗaya cikin biyar na fama da shi. In ba ki da ciwon, ki bar kuɗinki. In kina da shi, ki saya a farmasi ko wurin da za a bar ki ki gwada a kan rigarki, ba ta hoton waya ba. Ki auna kewayen ƙugunki da tef ɗin tela kafin ki fita. Ki duba maƙalin ko zai jure buɗewa da rufewa kullum, ki zaɓi mai auduga ta ciki, don roba zalla a zafinmu ƙuraje take kawowa. Ana sa ta ne lokacin aiki ko tafiya, a cire in za a kwanta. Kuma mai wannan ciwon ta haƙura da kabu-kabu, don ware ƙafafu a kan babur cikin gargada na tayar da shi. Ƙarin kuɗin adaidaita ya fi mata ƙara sayen wata damarar.

Ƙwallon roba na da daɗin zama a ƙarshen ciki, kuma jujjuya ƙugu a kansa na rage zafin naƙudar farko. Mai tsawon da bai wuce mita 1,73 ba ta nemi na santimita 65, wadda ta fi haka na 75. In kin zauna, ƙugunki ya ɗan fi gwiwoyinki bisa. Ki tabbata irin wanda in ya huje yake sacewa a hankali ne, ba mai fashewa ba, ki ɗora shi kan tabarma nesa da ƙaya da rana. Abin marmari ne, ba na dole ba. Durƙusawa a jingina da kujera ko tarin matasai na yin kusan aikin.

Inda aka fi zuba kuɗi shi ne ɗaurin ciki bayan haihuwa, kuma nan na fi son a saurare ni. Iyayenmu da zane suke ɗaurewa, yanzu kuma ga damarar asibiti mai laushi, ga mai ƙarafa da ƙugiyoyi da ke shigowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, ana tallar ta da hoton mace mai ƙugun zanzaro. Gaskiyar da mai saidawa ba za ta faɗa ba ita ce babu ɗaya cikinsu da ke narkar da teɓa ko mai da mahaifa wurinta. Mahaifa da kanta take komawa cikin kamar mako 6, shayarwa kuma na taimaka mata. Tsokokin gaban ciki da suka rabu ma mafi yawa suna matsowa da kansu a makonnin farko. Amfanin ɗauri shi ne tallafi, ki ji cikin ba ya reto in kin tashi. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa ta fi kowa cin moriyarsa, don damara mai laushi na rage mata zafin tashi da tafiya a kwanakin farko, muddin likita ya yarda kuma ba ta gugar ɗinkin.

Mai ƙarafa kuwa ba na ba kowace mai jego shawarar ta. Ki matse tsakiyar ledar ruwa ki ga inda ruwan ke tafiya. Haka matsi mai tsanani ke tura kayan ciki ƙasa, kan tsokar nan da ba ta warke ba. Macen da ke jin nauyi a gabanta ko ɗigon fitsari, ƙara mata yake yi. Tsakanin ukun, zanen auduga mai tsabta da aka naɗe daga ƙugu zuwa sama ya wadatar ga wadda ta haihu da kanta, kuma yana cikin akwatinki. Ma'aunin ɗaya ne ga zane da damara: ki iya jan numfashi har ciki, hannunki ya iya shiga tsakani, ki kwance in za ki yi barci. Inna ko gwaggon da ke ɗaure miki da niyyar alheri take ja da ƙarfi, ki ce mata cikin ladabi, "Inna, a ɗan sassauta, numfashina ba ya fita."

Sai haɗin matsi. Na san abin da ke kai mace gare shi. Tsoro ne, kada maigida ya ga canji, kada a yi mata gori, kada kishiya ta fi ta. Ba na raina wannan tsoron. Amma alimun da garin bagaruwa da sauran abin da ake cusawa fatar ciki kawai suke busarwa su tamuƙe ta na ɗan lokaci, ba sa kaiwa ga tsokar da ta saki. Busasshiyar fata kuwa saurin tsagewa take yi, ƙwayar cuta ta samu ƙofa, ga zafi wurin kwanciya, musamman ga mai shayarwa wadda dama wurin kan bushe mata. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, a cusa ta inda jini bai ɗauke ba, ko inda aka yi ƙari aka ɗinke, wannan ganganci ne da rai. Mai ɗinki ruwa mai ɗumi mai tsabta ya ishe ta, ta bushe wurin, ta canza ƙunzugu a kai a kai. Ruwan wankan jego ma a sirka shi, ƙuna ba ta warkar da komai. Kunun kanwa kuma gishiri ne ga jiki. Wadda jininta ya hau ko ƙafafunta suka kumbura ta nisance shi, in kuma ta fara haki in ta kwanta a kai ta asibiti a duba zuciya, kada a jira arba'in.

Ƴan na'urorin da ake tallar su a intanet, masu nauyi da ake sakawa da masu aiki da batir, ba su fi motsa tsokar da aka yi daidai ba, ga tsada, kuma ba na mai ciki ba ne ko mai ɗanyen jego. Sai in ma'aikacin lafiya ne ya ce.

To ina kuɗin za su? Wuri biyu. Na farko, a sayi hutu. Bido, wato jarkar ruwa, mai lita 25 kilo 25 ne, jan guga da daka kuma duk ƙasa suke danna ciki. Maigidan da ya ɗauki nauyin ɗan ga-ruwa da kuɗin injin niƙa har matarsa ta yi arba'in, ko wata 3 in aiki aka yi mata, ya saya mata abin da ya fi kowace damara. A haɗa da abin da ke hana taurin bayan gida, don yunƙuri a ban-ɗaki ma nauyi ne: ruwa da yawa, zogale, rama, wake, kuɓewa, musamman ga mai shan ƙwayar ƙarin jini.

Na biyu, a sayi dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take cewa a ga ma'aikacin lafiya sau 8 a lokacin ciki, bayan haihuwa kuma a ranar farko, rana ta 3, tsakanin ta 7 da ta 14, da mako na 6. Zuwan mako na 6 ɗin nan shi muka fi yadawa, alhali shi ne na uwa. Ranar ki buɗe baki ki gaya wa sajfam ko fitsari na ɗiga, ko kina jin abu kamar ƙwallo a gabanki, ko kwanciya na yi miki zafi. Ki roƙe ta ta duba ko kina matse tsokar daidai, don mata da yawa yunƙurawa suke yi ƙasa suna zaton ja suke yi sama. In wata 3 ya wuce ba sauƙi, ki nemi a tura ki wurin kine, masu gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓɓai, ko likitan mata a cibiyar lafiyar uwa da yaro ko babban asibiti. Ga wadda mahaifarta ta sauko akwai zoben roba da ke tallafe ta, amma likita ke auna shi ya saka, a riƙa komawa ana dubawa. Ba abin saye ba ne a tebur.

Hali ɗaya ne ba ruwansa da duk abin da na lissafa. In fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, yoyon fitsari ne, huda ce tsakanin mafitsara da farji, kuma damara ko matsi ko rubutun sha ba sa toshe ta. Ana warkewa da aiki, in kuma an je da wuri ƙaramar huda kan rufe da robar fitsari kawai. Akwai cibiyar masu yoyon fitsari a Danja, kudu da Maraɗi kan hanyar Ɗan Isa, da aka buɗe a 2012, akwai kuma ta Babbar Ruga a Katsina. Duk wadda ta san wata da ta daina fita biki da suna saboda wari, ta raka ta.

Ƙanwata a ƙarshe siririyar damarar ƙugu ta saya, don tun wata na 7 ciwon ya hana ta juyi a gado. Sauran kuɗin ta ƙulle su gefe, na adaidaita zuwa awo da na ɗan ga-ruwa. Mai kwalaben ta sake kiran ta sau biyu, ta ce mata ta gode.