Ratsi-ratsin fitilar biki da kyamarar Canon R6 Mark II

Wata biyar ke nan ina ɗaukar hoton biki da Canon EOS R6 Mark II, kuma abu ɗaya ne ya sa na saye ta: maganin ratsi-ratsin da ke fitowa a hoto. Duk mai hoton da ya taɓa aiki a ɗakin taro mai fitilun LED ya san ciwon.

A wata dina ce abin ya same ni da tsohuwar kyamarata. Na kunna shota marar ƙara don kada in dami mutane lokacin addu'a, sai na manta ban mayar ba. A ƙaramin allon kyamara komai lafiya lau. Da na zuba a kwamfuta, sai ga farin leshin amarya da layuka masu duhu a kwance, tun daga ɗaurin kai har ƙasa, kamar an haska ta ta bayan asabari. Yayar amarya ta kira ni washegari: "Malam, wane irin yadi ka sa wa ƙanwata?" Dariya take yi, ni kuwa gumi nake.

Laifin na fitila ne da nawa. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani. Ita kuma shotar lantarki, wato marar ƙarar nan, ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya, layi-layi take karanta sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, daga wannan gefe zuwa wancan. Wani layin ya tarar da fitila a cike, wani ya tarar ta dushe. Tsohuwar dabara ita ce ka tsayar da gudun shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske, a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Wanda ya koyi aiki daga bidiyon Amurkawa zai ji ana cewa 1/60, to wutarsu 60 ce, kada ya kwafa. Amma dabarar ba ta kai ko'ina. Fitilun ado masu canza launi da manyan allunan da ake kafawa bayan ango da amarya suna ƙyaftawa sau ɗaruruwa ko dubbai, kuma da an ɗauke wuta an tada janareta, 50 ɗin ma sai ta riƙa tangaɗi.

A nan wannan kyamara ta biya ni. Tana da saiti na musamman na fitilu masu saurin ƙyaftawa: ka nuna ta wajen hasken, ta auna, ta ba ka gudun shotar da ya dace, har da ɗigo a lambar. Idan ba ta dace daidai ba, sai ka murza da hannu kaɗan-kaɗan kana kallon allo, ka ga layukan suna faɗaɗa har su ɓace. Ranar farko da na gwada a wajen kamu, sai da na yi ta maimaitawa kamar yaro da sabon abin wasa.

Idan fitilu iri biyu suka haɗu a wuri ɗaya, kowace da nata gudun, dole ka zaɓi wadda ke kan fuskar amarya ka haƙura da ɗayar. A irin wannan wuri shotar inji mai ƙara nake komawa, ƙarar ba ta taɓa hana kowa rawa ba.

Akwai wani ratsin da masu hoto ke ɗora wa kyamara alhali ba ruwanta, wanda ke fitowa a sararin sama da magariba ko a bango mai launi ɗaya, hawa-hawa kamar matakala. Hoton JPEG matakin haske 256 kawai yake da shi a kowane launi, RAW kuwa, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, mai bit 14 yana da 16,384. Ka ja hasken JPEG da ƙarfi wajen gyara, matakan su bayyana. Tun da na koma RAW, nake kuma ɗan yayyafa tsaki-tsaki a sararin kafin in fitar, ban sake gani ba, sai in mai biki ya tura ta waya manhaja ta matse hoton. Shi ya sa nake roƙonsu su tura a matsayin fayil.

Mai aikin studiyo da filasha, ko mai ɗaukar hoto a rana, ya riƙe kuɗinsa, kyamarar da yake da ita ta ishe shi. Ni da Juma'a da Asabar ɗina ke ƙarewa a ƙarƙashin fitilun biki, ban yi da-na-sani ba.