Sharhi: kalifar Brembo ta hannu, bayan wata takwas a kan mota

Abin da nake sharhi a kansa saitin birkin gaba ne na hannu: kalifa biyu (kalifa ita ce abin da ke matse faifan birki) ta kamfanin Brembo mai fistin huɗu, mai ruwan gwal ɗin nan da ta zo a kan Subaru WRX STI na shekarun baya, tare da faifai biyu, da fad (abin da ke gogar faifai ya tsayar da taya), da tiyon man birki mai saƙar waya. Irin cinikin da masu sha'awar mota ke yi a tsakaninsu ne, wani ya cire nasa don ya sa wanda ya fi shi girma, ya sayar da tsohon a dunƙule. Bayan wata takwas ana aiki da shi, hukuncina ya rabu gida uku. Kalifar ta ci kuɗinta har da riba. Faifan da ƙyar ya tsallake. Fad da tiyo kuwa bai kamata a lissafa su cikin ciniki ba ko kaɗan.

Dalilin da ya sa kalifa ke jure zaman hannu shi ne jikinta curin alminiyam ne da ba ya gogar komai. Abubuwan da ke lalacewa a cikinta ƙanana ne, kuma ana samun sababbinsu: robar da ke riƙe mai, robar tare ƙura, fil ɗin da ke riƙe fad, da notin fitar da iska. Saboda haka idan ka je duba kalifa, kada kyawun fenti ya ɗauke maka hankali. Ka juya ta ka fara da ramin notin da ke ɗaure ta a jikin mota. Notin ƙarfe ne, ramin kuma alminiyam, idan suka daɗe tare da danshi sai su manne, ranar kwancewa notin ya fito da haƙoran ramin a jikinsa. Wani lokacin kuma ɗaurin ganganci ne na wanda ya riƙe ta a baya ke cinye su. Ka sa noti da hannu ka murɗa har ƙarshe. In yana lilo, ko ka ga garin alminiyam na zuba, ramin ya tafi. Ana gyara shi da sabon haƙori na ƙarfe irin Time-Sert ko Helicoil, kuma gyaran yana riƙewa in an huda a miƙe, amma dole a rage maka kuɗin aikin. Ɗaya daga cikin ramuka huɗu na wannan saitin sai da aka yi masa haka.

Na biyu notin fitar da iska. Kowace kalifa tana da biyu, na ciki da na waje. Ka nemi mai kayan ya sassauta duk huɗun a gabanka. Wanda ya ƙi motsi yakan karye a ciki, kuma tono shi ba tare da an ɓata mazauninsa ba aiki ne mai wuya. Mazaunin da ya ɓaci yana tsattsafar da mai ko yaya ka ɗaure.

Sai fistin. Ana fito da su da iskar kwamfuresa, a sa guntun katako a tsakiya don ya tare su, hannu kuma ya yi nesa da wurin, domin da ƙarfi suke fitowa. Fistin mai kyau santsinsa kamar madubi. Baƙin datti yana fita da goge, amma ramin tsatsa ko zanen da farce ke kamawa yana yanka sabuwar roba, sai an canza fistin. Ni ra'ayina, duk kalifar hannu a canza mata roba kafin ta hau mota, ko da ba ta yoyo. Ba ka san zafin da ta sha ba. Launi ma yana ba da labari: wadda gwal ɗinta ya koma ruwan ƙasa ta sha wuta sosai, robar tare ƙurarta takan bushe ta tsage. Wajen haɗawa a shafa man birki mai tsabta ko giris na musamman na robar birki. Giris na gama-gari, da man inji, da fetur duk suna kumbura wannan robar, fistin ya liƙe, birki ya riƙa kama taya.

Akwai kuskuren da ake yawan yi wajen ɗaurawa. Fistin ɗin ba girmansu ɗaya ba, akwai mai milimita 40 akwai mai 46, ƙaramin shi ne faifai ke fara tararwa idan mota na tafiya gaba, don fad ya ci daidai. Kalifar dama ba ta zama a hagu. Alama mafi sauƙi ita ce notin fitar da iska ya kalli sama. In ya kalli ƙasa, ko ka ƙarar da galan na mai iska ba za ta fita ba, feda zai ci gaba da laushi.

Faifai shi ne wurin da ake cin kuɗin mutane. Na wannan saitin faɗinsa milimita 326 ne, kaurinsa sabo 30, iyakarsa 28, kuma ana rubuta iyakar a jikin faifan. Wato rayuwarsa duka milimita 2 ce. Waɗanda suka zo mini 28.9 suka nuna, fiye da rabi ya tafi. Ka auna da maikuromita, wato ma'aunin kauri, a wuri shida zuwa takwas, ɗan nesa da baki, domin bakin yana barin tudun da fad ba ya taɓawa, kuma ma'aunin da ya hau tudun zai yi maka ƙarya. In awon ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ko da bambancin bai kai kaurin gashi ba, za ka ji feda na bugu sitiyari na rawa. Faifai mai huji a duba shi a haske: tsagar da ta haɗa huji biyu, ko ta kai baki, ta gama da shi. Kafin a ɗora shi a kankare tsatsar fuskar hob, wato inda faifan ke zama, tas, don ɗan ɓarɓashi a nan yana karkatar da faifan gaba ɗaya. A kula da ramukan noti kuma: STI na 2004 yana da 5x100, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 100, daga 2005 aka koma 5x114.3.

Fad na hannu ya riga ya ɗauki siffar wani faifai, kuma ido ba ya ganin wanda ya sha mai ko ya ƙone. Tiyo mai saƙar waya ya fi haɗari, domin bututun da ke cikinsa na iya lanƙwashewa ko gogewa ba a gani daga waje. Sabo za a saya, da sababbin washa na jan ƙarfe biyu a kowane bakin tiyo. Waɗannan sau ɗaya ake matse su.

Kafin ka biya, ka tabbatar rim ɗinka zai ɗauka. Inci 17 ake bukata, amma ko mai 17 ɗin wani hannayensa na gogar fuskar kalifa. A gwada a jiki, a bar tazarar kamar milimita 3.

A kan hanya me ya canza? Feda ya yi tauri, kuma ƙafa tana iya auna ƙarfin kamun daki-daki. A doguwar gangara, inda tsohon birki ke fara wari da santsi, wannan yana nan yadda yake, saboda babban faifai ya fi ɗaukar zafi da zubar da shi. Amma tsayawar gaggawa ta farko ba ta gajarta ba. Da zarar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya shiga, taya ce ke yanke hukunci, kuma mai neman gajeren tsayawa gara ya fara da taya. Ina faɗin wannan da gaske, domin mutane da yawa suna sayen babbar kalifa a kan tayar da ta ƙare.

Man birkin da na sa nau'in DOT 4 ne daga sabuwar kwalba, lita ɗaya ta isa wanke layin duka. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salshiyas, amma idan ya sha danshi ma'auninsa yana sauka zuwa 155, shi ya sa kwalbar da aka buɗe ta daɗe ba ta da amfani. Kada a haɗa shi da DOT 5, wannan na silikon ne. Bayan an fitar da iska a bi da sabon fad: a wuri mara cunkoso, a taka birki da ƙarfi daga kilomita 100 a awa zuwa kamar 15, sau takwas zuwa goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiyar minti goma ba a taɓa birki sosai ba don ya huce. Wanda ya tsaya da ƙafa a kan feda faifai na zafi zai bar tambarin fad a jikinsa, kuma daga wannan tambarin rawar sitiyari ke farawa.