Kayan Inna da ruwan gwal: sharhi bayan wata takwas

Awarwaro shida, zobe ɗaya da 'yan kunne, duk na tagulla, su Inna ta bar mini, Allah ya ji ƙanta. Sun yi duhu har ba na iya sa su, ga bikin ƙanwata ya matso. Wata ƙawata ta kwatanta mini wani shago a cikin birni inda ake yi wa kaya ruwan gwal. Da gangan na jira wata takwas kafin in ce komai, don duk wadda ta yi sharhi ranar da ta karɓo kayanta, yabo kawai za ta zuba.

Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, ya bar ni na tsaya ina kallo. Wanki ya fi komai cin lokaci. Yaronsa ya goge awarwaron da inji har suka ɗau sheƙi, ya tsoma su a ruwan zafi mai cire maiƙo, ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa. Na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya, sai dattijon ya tare ni: "A'a Hajiya, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana ruwan kamawa."

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Kwalba ce mai faɗin baki, da wata na'ura kamar cajar batirin mota, wayoyi biyu na fitowa daga jikinta. Baƙar, mai alamar ɗebewa, ita aka maƙala wa awarwaro. Jar, mai alamar tarawa, aka maƙala mata ɗan fallen ƙarfe, aka sa su a ruwan ba tare da sun taɓa juna ba. A cikin ruwan akwai narkakken gwal da ido ba ya gani, wutar da ke bi ta baƙar wayar ita ke mayar da shi ƙarfe a jikin awarwaron. Wutar soket kai da komo take yi, aikin kuwa sai wadda ke bin hanya ɗaya irin ta batir, amfanin na'urar ke nan. Ina tsaye launin ya juye, ko minti ɗaya ba a yi ba aka ciro. Har kabbara na yi.

Da na ba ɗana labari, mai karatun kimiyyar haɗa magunguna, ya ce tsohuwar sana'a ce. Wani Ba'italiye, Luigi Brugnatelli, ya yi ta da gwal tun 1805 da batirin da wani masani ɗan ƙasarsu, Volta, ya ƙirƙira a 1800, sannan iyalan Elkington na Birmingham a Ingila suka mayar da ita kasuwanci daga 1840. Sai ya tambaye ni minti nawa kayan suka yi a ruwan. Da na faɗa masa, ya yi dariya. Wai ƙa'idar wani masanin kimiyya ce mai suna Faraday: yawan gwal ɗin da zai hau ya danganta da ƙarfin wutar da tsawon lokacin. Irin tsomin da aka yi mini, kaurinsa bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali kaurin silin gashin kai yakan kai wajen maikiron 70.

Biki dai an sha shi, babu wadda ta gane ba gwal ba ne. 'Yan kunnen har yau suna nan ras. Zoben kuwa sati shida ya yi, wanke-wanke da alwala suka cinye cikinsa. Awarwaron sun koɗe a gefen da suke gogar juna, wanda humra ta fi taɓawa ya riga sauran. Abin da ya fi damuna ƙaiƙayi ne da ƙananan ƙuraje a wuyan hannu.

Na koma. Dattijon bai yi musu ba. Ya ce sukan fara shimfiɗa wani farin ƙarfe, nikel, a ƙarƙashin gwal ɗin, don in babu shi jan ƙarfen da ke cikin tagulla yakan ratso gwal ɗin ya dusashe shi, kuma akwai fatar da ba ta shiri da nikel. Sai a ranar ya gaya mini aikin kala biyu ne, akwai mai kauri da ya fi tsada. Na ce, "Haba Baba, ai da ka faɗa tun farko." Ya ce yawancin masu zuwa na biki suke so.

Abu ɗaya ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ruwan gwal da yawa da sayanaid ake haɗa shi, guba ce mai kisa, in ta haɗu da asid ma iskarta kaɗai ta isa. Shagon taga ɗaya gare shi, yaron kuma babu safar hannu, ga kofin shayinsa a kan teburin.

Na bar masa zoben a yi mai kaurin, na roƙi a tsallake nikel. Awarwaron na nannaɗe su a tsumma na mayar cikin kwallar Inna, sai wani bikin.