Hattara da mai “saita kafireto” a Jos, ya ci min N380,000

Jama'a, N380,000 wani ya ci min a garin nan a kan Marsandi 280S ta marigayi mahaifinmu, mai kafireto (abin da ke haɗa mai da iska ya ba inji) Solex 4A1 mai maƙogwaro huɗu. Mai take sha kamar hauka, ga baƙin hayaƙi a salansa.

Kada wanda ya ce min gaggawa na yi. Wallahi mutumin ya san aiki, a baki dai. Shi ya ce min, “Alhaji, Jos tudu ce, ta kai mita 1,200, iskarmu ba nauyi. Kafireton da aka saita a Legas in ya hau nan dole mai ya rinjayi iska, sai an rage jet, wato 'yar kafar da mai ke fita.” Kuma gaskiya ne! Ya kwance filogi ya nuna min baƙi ƙirin. Ya ce maƙogwaro biyu na gaba ke aiki kullum, biyun baya sai an taka totur sosai suke buɗewa. Wa zai ji wannan ya ce ɓarawo ne? “Alhaji, Jos tudu ce.” Har yanzu maganar na kunnena.

Ya yanka min N280,000 na wani kafireto “ɗan Beljiyam”, N100,000 kuɗin saiti. Kafin nan ma, a'a, bayan na tura kason farko ne ya turo bidiyon wani kafireto yana ƙyalli, wai daga Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota a Jos. Da aka ɗaura, motar ta tashi lafiya a silo, na cika masa. A hawan hanyar Bukuru na taka, ta shaƙe.

Wani dattijon bakanike ya buɗe a gabana. Ashe nawa ne na da. Kafireton mahaifina aka wanke da fetur aka mayar, an ɗaure maƙogwaro biyun baya da waya don kada su buɗe, murfin da ya lanƙwashe an shafe shi da gam. Ko fulot, mai daidaita yawan man da ke cikin kafireto, macucin bai taɓa ba. N380,000 na sayi kayana! Dattijon bai ce komai ba, yaransa ne suka yi ta ƙunshe dariya.

Lambar macucin a kashe, rumfar da ya nuna min ashe ta wani ce. Rasit na banki da hirarmu ta WhatsApp duk suna nan, zan ɗora su da daddare in na rufe sunayen da ba ruwansu.

Ku sa wa kafiretonku alama kafin a cire, ku karɓi tsohon a hannu, kada ku cika kuɗi sai kun hau tudu da motar.