MathJax ko KaTeX: wanne zai hana lissafinka komawa kamar tururuwa a waya

Duk wanda ya taɓa sa lissafi a shafin intanet ya san abin da nake nufi, ka rubuta x da 2 a samansa, a kwamfutarka ras, amma ɗalibi ya buɗe a waya 2 ɗin nan ta koma ɗigo, sai ya karanta ta a matsayin 3. Ni haka ta faru da ni, rabin aji suka kawo min amsa ɗaya kuma duk ba daidai ba, tun daga ranar abin da nake fara dubawa a kowane kayan aiki shi ne yaya yake yi da girman alamomi, saura duk daga baya ne.

MathJax da KaTeX manhajoji ne da ke nuna lissafi a shafin intanet. Ba zan ɓoye ba, MathJax nake so. Tun 2010 yake aiki, ƙungiyoyin masana lissafi na Amurka irin su AMS da SIAM ne suka tsaya masa. Abin da ya ja ni shi ne yana auna tsayin haruffan da ke kewaye da lissafin sannan ya daidaita kansa da su, saitin ana ce masa matchFontHeight kuma a kunne yake zuwa. In bai ishe ka ba sai ka taɓa scale, ka sa 1.2 misali, komai ya ɗan tashi tare, har ƙananan lambobin sama. Sannan mai karatu da kansa zai iya danna maɓallin dama na maus a kan lissafin ya ƙara girmansa ba tare da ya neme ka ba, wanda idonsa ya yi rauni wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nauyi kam yana da shi, shafi mai lissafi da yawa sai ka ga ya ɗan yi jinkiri kafin ya zauna, na yarda da wannan.

KaTeX daga Khan Academy ya fito, sauri gare shi kamar me, amma girmansa a ɗaure yake a 1.21em, wato ninki 1.21 na girman rubutun da ke kewaye da shi, in kana son canji sai ka shiga CSS, wato kod ɗin da ke tsara kamannin shafi, da hannunka. MathML kuwa, wato tsarin rubuta lissafi da burauza ke nunawa da kanta, sai Janairun 2023 Chrome ya karɓe shi a siga ta 109, kuma rubuta shi da hannu azaba ce. Sa lissafi a matsayin hoto kuwa kar ma ka soma.

Wani abu da mutane ke ɗora wa kayan aiki laifinsa alhali tsarin TeX ne, wato salon rubuta lissafi da MathJax da KaTeX ke bi, tun yadda Donald Knuth ya gina shi: lissafin da ke cikin layin rubutu matse shi ake yi da gangan don kar ya ture layin sama da na ƙasa. Shi ya sa ɗaya bisa biyu ke fitowa ɗan mitsitsi. Maganinsa \dfrac a maimakon \frac, ko ka sa \displaystyle a gaba, sai alamar sigma ta miƙe da iyakokinta sama da ƙasa. Baka kuma in ta yi wa abin da ke cikinta kaɗan akwai \left da \right, ko da yake ni na fi son \big da \Big da \bigg don ni ke zaɓar girman, \left wani lokaci sai ta zarce. Su \large da \Huge suna aiki cikin lissafi a MathJax da KaTeX, amma ranar da ka kwashe rubutun zuwa LaTeX na ainihi, wato manhajar tsara takardu da aka gina a kan TeX, zai yi maka ƙorafi.

To yanzu ga inda ake cutar mutane. Dukansu kyauta ne, kyauta fa, amma akwai masu naɗe tsohon MathJax su sa masa sabon suna su sayar a matsayin filogin. Na taɓa sayen irinsa, ashe hoto yake mayar da lissafin, ka zuƙo shi ya dushe, ka mayar da shafi baƙi lissafin ya ɓace gaba ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne, ka ƙara girman rubutun shafin ka gani ko lissafin zai biyo shi da kaifinsa.

Sai kuma kod ɗin da ake kwafowa daga tsofaffin darussa. In ka ga cdn.mathjax.org a ciki, an rufe wannan adireshin tun Afrilun 2017. In ka ga polyfill.io, goge layin yanzu yanzu, a 2024 adireshin ya canza hannu aka riƙa tura mugun kod ta cikinsa zuwa shafukan mutane, kuma tsofaffin misalan MathJax 3 da yawa suna ɗauke da shi. Ka kuma lura a siga ta 2 ta MathJax scale da kaso cikin ɗari ake rubuta shi, wato 120, a siga ta 3 kuwa 1.2 ne, in ka kwafo 120 ɗin can ka liƙa a nan x ɗaya sai ta cika maka allo.