Shagon Kayan Masarufi Da Littafinsa Na Bashi

Shekara huɗu ke nan ina yi wa gidana cefane a wani shagon kayan masarufi da ke kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi. Wanda araha ta dame shi ba zan tura shi can ba, domin farashin shinkafa da man gyaɗa ya ɗan ɗara na Kasuwar Muda Lawal, ga kuma ƙunci, mutum uku in sun shiga sai na huɗu ya tsaya a rana.

Abin da ya ɗaure ni a wurin shi ne wani tsohon littafi da Alhaji mai shagon ke ajiyewa kusa da sikeli. Duk wanda ya karɓi kaya bashi, ko da sukarin naira 500 ne, sai an rubuta a gabansa an karanta masa. Ranar farko abin ya sosa mini rai, har na ce, "Alhaji, ashe ba ka yarda da ni ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, na yarda da kai, mantuwa ce ban yarda da ita ba." Daga baya na tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne ga muminai su rubuta bashi, mai bin ta kuma ta yi maganar mayar da amana ga wanda ya amince da kai.

Na ga amfanin littafin a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi layar zana, taransifa kuma ta riƙa maƙalewa. Shaguna da dama ba sa sakin kaya sai alat ya shigo, shi kuwa sai ya rubuta ya ce a tafi da kayan. Akwai ranar da kuɗina suka shiga masa sau biyu ban ma sani ba, da magariba sai ga yaronsa da sallama a ƙofar gida, an aiko shi ya karɓi lambar asusuna.

Sai dai yaron nan, duk da ladabinsa, hannunsa a awo bai kai na maigidansa ba, mudunsa ba ya tozo. Mai son sayen hatsi ya je da hantsi, kafin Alhaji ya fita sallar azahar.