Uno, ESP32 ko Pico: Wane Allo Ya Dace Da Mai Koyon Haɗa Fitila Da Maɓalli?

Duk wanda ya fara harkar ƙananan allunan kwamfuta, aikinsa na farko bai wuce biyu ba: ya kunna fitilar LED, sannan ya sa allon ya gane an danna maɓalli. Kafin ka kai kuɗinka shagon kayan lantarki a Garwa ko Marwa, ko ka ba da saƙo a sayo maka daga Duwala, fara sanin ƙarfin wutar da allon ke aiki da shi, domin shi zai nuna maka sauran kayan da za ka haɗa da shi.

Arduino Uno (samfurin R3) da volt 5 yake aiki. Yana da ƙafafun dijital 14, wato wuraren da ake jona waya, da fitila guda da aka riga aka haɗa a ƙafa ta 13, wadda za ka gwada shirinka na farko (umarnin da ka rubuta wa allon a kwamfuta) da ita ba tare da ka jona ko waya ɗaya ba. Maɓallin da ke kansa na sake tayar da allon ne kawai, sai ka sayi naka daban. Nano ƙaninsa ne: ƙwaƙwalwarsu ɗaya, ATmega328P, amma shi yana zama daram a kan allon gwaji, mai ramukan da ake cusa kayan haɗi. Yawancin waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne masu ɗauke da CH340, ƙaramin guntun da ke haɗa allon da kwamfuta ta USB, kuma suna aiki lafiya, sai dai wata kwamfutar ba za ta gan su ba sai an saka mata manhajar CH340 ɗin.

ESP32 da Raspberry Pi Pico kuwa volt 3.3 ne, kuma volt 5 a ƙafarsu na iya lalata ta. ESP32 na da Wi-Fi da Bluetooth, abin da ke jan matasa ke nan, amma yana da tarko: ƙafafu 34 zuwa 39 karɓar saƙo kawai suke yi, ba sa kunna fitila, kuma ba su da rizistan ciki (rizista abin rage gudun wuta ne) mai riƙe maɓalli. Pico, wanda ya fito a 2021, fitilarsa na kan ƙafar GP25, kuma ya dace da mai son rubuta shiri da yaren MicroPython. A ganinmu, mai farawa ya ɗauki Uno ko Nano. Sun fi jure kuskuren hannu, darussansu kuma sun fi yawa.

Fitila ba ta san ƙoshi ba, za ta ja wuta har ta ƙone, wani lokacin ta tafi da ƙafar allon. Shi ya sa kowace guda ke buƙatar rizista nata. Jar fitila tana cin kusan volt 2, saura 3 a kan Uno. Ka raba 3 da om 220 (om ma'aunin rizista ne), ka sami miliamfa 13 da ɗoriya, ƙasa da 20 ɗin da ake so ƙafa ɗaya ta tsaya a kai. Om 330 ma ya yi, hasken ne zai ɗan ragu. Shuɗiya da fara suna cin kusan volt 3, don haka a kan allon 3.3 da om 330 haskensu kan yi rauni, mutum ya zaci jabu aka sayar masa. Doguwar ƙafar fitila ita ke fuskantar wuta, gajeriyar ta tafi GND, wato ƙafar negatif ta allon. Idan ka juya ta, ba za ta kama ba. A shago ka ce résistance, sunan rizista da Faransanci, ka kuma duba zoben launi da idonka: ja, ja, ruwan ƙasa shi ne 220.

Maɓalli ya fi wahalar da mutane. Ƙaramin nan mai milimita 6 ƙafafu huɗu gare shi, amma biyu-biyu a haɗe suke tun daga ciki. Wanda ya kama biyun da ke haɗe, allon zai ga kamar kullum a danne yake. Ka ɗauki na kusurwa da kusurwa, ba za ka yi kuskure ba. Ɗaya ta tafi ƙafar allo, ɗaya GND, ka rubuta INPUT_PULLUP a shirinka don kunna rizistan cikin allon. Idan babu wannan, ko rizista mai om 10,000 daga waje, ƙafar za ta zauna babu madogara, ko hannu ka kawo kusa sai fitila ta kama da kanta. Ka tuna karatun a juye yake: LOW ne, wato babu wuta, idan an danna. Sannan ƙarfen ciki kan yi tsalle-tsalle na ɗan lokaci, danni ɗaya allon ya ƙirga uku. Jinkirin milisakan 20 zuwa 50 a cikin shiri yana magance shi.

A wurarenmu ƙurar hunturu na shiga maɓallan da suka daɗe a buɗe a kan tebur. Nemi waɗanda ke cikin leda, ka danna ka ji ƙas ɗinsu, ka sayi kamar goma, ba biyu ba. Mai milimita 12 da hula ya fi daɗin yatsa idan yara za su yi amfani da shi.

Kada ka bar shago sai an jona allon a gabanka, fitilar wuta ta kama. Ka haɗa da kebul ɗinsa: Uno irin na firinta yake so, kuma kebul ɗin caji zalla ba ya ɗaukar shiri daga kwamfuta. Idan da fawa bank za ka riƙa aiki saboda ɗaukewar wuta, gwada shi tukuna, domin wasu na kashe kansu idan abin da ake ja bai taka kara ya karya ba.